Takardar da Babana Ya Ɗaure

Mutumin da ya yi mini kiran salla a kunne ranar da aka haife ni, ni na tona masa asiri a gaban unguwa. Ba da gangan na yi ba, amma na daɗe da daina fakewa da wannan. Wanda aka taka wa ƙafa bai damu da ko da niyya aka taka shi ba.

Baba Ladan muke ce masa, don shi ke kiran salla a masallacin lungunmu a Mandawari tun ban san damana da haguna ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Mu Barebari ne. Kakan babana ya zo daga Barno da fataucin kanwa da buhun littattafai, ya sauka a Kano, bai sake komawa ba. Su kuwa gidan Baba Ladan ban taɓa tambayar daga ina suka zo ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar wa ya haƙa rijiyar gidansu. Babana "ƙanena" yake ce masa. An haife ni babana yana kan hanya, shi ya sa Baba Ladan ya karɓe ni ya yi abin da uba ke yi. Shi kaɗai ne namijin waje da ke shiga gidanmu har tsakar gida. Gyaran murya kawai yake yi a zaure ya wuce. Ni kuma "ɗana" yake ce mini, har na yi furfura bai sauya ba. Da babana ya rasu, shi ya yi masa wanka.

Abin ya faro ne daga ganuwa. Wata damina mai ƙarfi ta zabtare wani yanki nata kusa da Ƙofar Ruwa, na je gani da idona, na tarar da mutane da amalanke suna kwasar ƙasar kamar rabon gado. Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na dawo majalisarmu ina huci, na yi musu huɗubar da ba wanda ya roƙe ni. Na ce mun zama mutanen da ke cin bangon kakanninsu da shebur, 'ya'yanmu sun san sunan 'yan ƙwallon Turai sun kasa lissafa ƙofofin garinsu. Wani abokina Bafulatani, wanda tun muna yara ba ya kirana sai da "bawana" saboda wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ya ce, "To bawana, ka gama? Ko a kawo maka shebur ka je ka mayar?" Aka yi dariya. Amma kafin a tashi an kafa kwamiti, kuma kamar yadda aka saba, wanda ya fi kowa surutu shi aka ɗora wa.

Muka tsayar da ranar tarihin unguwa. Lokacin hutu za mu ari aji biyu a firamare, kowane gida ya kawo wani tsohon abu na kakanninsa, a jera, a rubuta bayani, yara su gani. Da farko mutane suka ƙi. Wasu suka ce gwamnati ce za ta kwashe, wasu suka ce ni ne zan sayar wa Turawa. Sai da na bi gida-gida kamar mai tallan maganin gargajiya. A hankali kaya suka fara fitowa daga ƙarƙashin gado: takubba masu tsatsa, tasoshin tagulla, tsohon ma'auni, wata riga saƙi da asu ya ci rabinta, kuttun tawada wanda har yanzu in ka shinshina za ka ji ƙaro.

Baba Ladan na cikin waɗanda suka fara amsawa. Ya kawo gafaka, jakar fatar da ake sa Alƙur'ani rubutun hannu, wadda kakansa ya ɗinka, da basillar da ya ɗinka ta da ita. Kakan nasa baduku ne, kuma da sunansa ake kiran gidansu har yau. Ya miƙo mini da hannu biyu yana murmushi.

"Ɗana, ka sa ta inda za a gani. Surukaina na Ƙofar Ruwa za su zo."

An sa ranar auren jikarsa bayan babbar salla. Nas ce a asibiti, ita ta kawo wanda take so, kowa ya yi na'am. Tsohon yana ta rawar ƙafa da wannan aure, yana so dangin angon su ga cewa gidan da za su ɗauki mata gida ne mai tushe. Na ɗauki farin kwali na rubuta sunan kakansa da manyan baƙaƙe, yadda ko mai hakiya zai karanta.

Saura gidanmu. Ai ba zai yiwu shugaban kwamiti, jikan malamai, ya zo da abin da bai fi na kowa ba. Adakar babana tana ɗakin Goggo, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu. Ta ba ni mabuɗi na ɗauko Alƙur'anin kakanmu. A ƙarƙashinsa, can ƙasan adakar, na ga wani ɗan ƙunshi cikin baƙin saƙi, an ɗaure shi da igiyar fata, ɗauri mai kyau irin wanda ban taɓa gani ba.

"Wannan fa, Goggo?"

"Wannan ba na kallo ba ne. Mayar."

"Mene ne a ciki?"

"Abin da babanka ya ɗaure."

Na ɗauka laya ce ko wani asirin mutanen da, na yi murmushin ɗan boko, na mayar. Da ta fita alwala na sake ɗaukowa na zura a aljihu. Ina da shekara hamsin da ɗoriya na yi wa tsohuwa sata a ɗakinta. Wannan ma sai da na daɗe kafin na iya faɗarsa da sunansa.

A ɗakina na yi ta fama da ƙullin ya ƙi kwancewa, na sa reza na yanke. Takarda ce guda ɗaya, ta yi ja saboda tsufa, da rubutu irin na Barno mai kauri da tsayuwa, da hatimi a ƙasa. Ban taɓa ganin rubutu mai kyansa ba. Kuma ban iya karanta ta ba. Na yi allo kamar kowa, amma boko ya ɗauke ni da wuri. Ina karanta Alƙur'ani bugun inji mai wasali, amma Larabcin hannu marar wasali ni da shi sai kallo. Na gane bisimilla, na gane kalmar Kano, na ga jerin sunaye a ƙasa. Sai na yanke hukunci: kakanmu falke ne, wannan wasiƙar ciniki ce.

A Mandawari in ka jefa dutse a kan malami zai faɗa. Taku goma zan yi in sami wanda zai karanta mini ita cikin minti biyu. Amma da wane ido jikan malaman Barno, mai digiri a tarihi, zai je zauren wani ya ce bai iya karanta takardar gidansu ba? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na kai aka sa mini ita cikin gilashi, na rubuta a ƙasa: wasiƙar kasuwanci tsakanin Barno da Kano. Da muka zo jera kaya na rataye ta a bango daidai saman teburin da gafakar Baba Ladan take, ba don komai ba sai don launin takardar da na fatar sun dace.

Ranar Asabar ce, da hantsi. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata, maza a aji ɗaya, mata suna jiran a gama su shiga. Mun gayyato wani babban malami daga can wata unguwa mai nisa ya buɗe da addu'a. Bayan addu'a na ja shi da mai unguwa da liman muka fara zagayawa, lasifika a hannuna, ina bayani ina jin daɗin muryata. Da muka iso wurin takardar malamin ya tsaya. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau.

Duk wanda ya tashi cikin malamanmu ya san halinsu. Ba sa iya ganin rubutu su wuce, kuma ba sa karantawa a zuci. Sai an ɗora yatsa, an ja baƙi da ƙarfi, a fassara gaɓa-gaɓa kamar yadda ake yi wa ɗalibai a zaure. Malamin ya ɗora yatsa a kan gilashin ya ce, "Masha Allah, hannun Barno." Ni kuma, don neman suna, na kai masa lasifikar bakinsa.

Ya fara ja yana fassarawa da wannan muryar karatu mai daɗi. Wannan shaida ce, in ji takardar, cewa wane ɗan wane, ya faɗi sunan kakan babana, na ji kaina ya ƙara girma. Ya 'yanta bawansa. A nan mai unguwa ya yi tari. Malamin bai ji ba, ya riga ya hau. Ya faɗi sunan bawan, baduku, mai tsage kaza a kumatu, wanda aka saya a kasuwa kaza, shi da ɗansa ƙarami, ya faɗi sunan ɗan. An 'yanta su don neman yardar Allah, ba mai sauran iko da su daga yau. Liman ya kama hannun rigarsa yana cewa, "Malam, rana tana yi, mu ƙarasa can." Amma magana zarar bunu ce. Lasifikar da na ɗauko haya mai kyau ce, har matan da ke waje sun ji.

Malamin baƙo ne, sunayen ba su ce masa komai ba. Har ya juyo yana gyara mini da fara'a: "Ai Malam wannan ba wasiƙar ciniki ba ce, takardar 'yanci ce. Allah ya saka wa kakanku." Sauran mutane kuwa na ga idanunsu suna saukowa daga gilashin zuwa farin kwalin da ke ƙasansa, inda na rubuta sunan nan da hannuna, da manyan baƙaƙe. Sunan ɗan kuma sunan mahaifin Baba Ladan ne, wanda da yawa a ɗakin sun yi masa sallar gawa.

Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tsofaffin unguwa kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Ba wanda ya yi mamaki a cikinsu. A nan na gane duk sun sani. Shekara da shekaru suna sane, iyayensu ma suna sane, suka haɗu suka rufe abin ba tare da sun taɓa zama sun yi shawara ba, har ya kusa mutuwa tare da su. Ni da nake zagin unguwa da rashin riƙe tarihi, ashe akwai wanda suka riƙe da kyau, riƙon da ya fi ƙarfin fahimtata.

Baba Ladan yana tsaye a baya cikin farar rigarsa ta Juma'a. A damansa babban ɗansa, a hagunsa dattawa biyu daga Ƙofar Ruwa da ya gayyato su ga aikin kakansa. Ɗan nasa ya juya ya kalle shi, kallon mai tambaya, na gane shi ma yau ya fara ji. Tsohon bai kalli kowa ba. Ya leƙa taga ya dubi rana, ya ce, "Azahar ta kusa," ya fita. Ba a jima ba muka ji muryarsa daga masallaci, yadda take kullum, bai rage ko harafi ba.

Na cire takardar kafin mata su shiga, amma ina amfani. Kafin la'asar hotonta ya zaga wayoyin unguwa, har wani mai ƙoƙari ya rubuta fassarar a ƙasa don kada wani ya sha wahala.

Goggo kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. A na huɗu na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ƙi tashi. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi mini ciwo.

"Kai a zatonka takardar taka ce? Ko ta ubanka?"

Ta ce lokacin da kakana ya rasu, babana ya sami takardar cikin littattafai. Ya kira Baba Ladan, su biyu a zaure, ya nuna masa, ya ce ga ashana, in ya yarda a ƙone ta yanzu. Baba Ladan ya ce a'a. Ya ce ita kaɗai ce shaidar cewa kakansa ya mutu yana ɗa, ba zai ƙone wa mamaci 'yancinsa ba. Amma ba zai kai ta gidansa ba, kada wata rana yara su yi bincike su gani. Ya ce babana ya ajiye masa. Shi ya kawo saƙin, shi ya kawo igiyar fatar, ya koya wa babana ɗaurin dukawa, babana ya ɗaure a gabansa.

"Amana ce," in ji Goggo. "Shekara nawa tana kwance ba ta ci wa kowa tuwo ba. Na ce maka mayar."

Na tambaye ta don me ba ta gaya mini abin da ke ciki ba. Ta kalle ni kamar ta ga sabon mahaukaci. Ta ce in da ana faɗa, ai da ba a ɗaure ba.

Ba wanda ya ce wa Baba Ladan komai a fuskarsa. Da ma an faɗa, da an yi faɗa an huce. Sai ma gaisuwa da aka ƙara masa, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Abokina Bafulatani ya daina ce mini "bawana." Wasan da aka gada tun kaka da kakanni ya mutu a lungunmu, don kowa ya zo zai yi sai ya waiga tukuna. A bakin famfo wata mata ta yi cacar baki da surukar Baba Ladan a kan layi, ta ce mata, "Aƙalla mu ba a rataye mu a bango ba." Wannan ta iso kunnena kafin magariba, don irin wannan labari ba ya rasa mai kawowa.

Ni kuwa na koma majalisa da wata sabuwar huɗuba. Na ce wannan jahilci ne, ladanin farko a Musulunci ma bawa ne da aka 'yanta, mafificinmu a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronsa. Kowa ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Malam." "Wallahi haka yake." Ba wanda ya yi mini musu ko ɗaya, kuma na san a cikinsu ba wanda zai aika ɗansa neman aure gidan gobe. Wani dattijo ya jira na gama ya ce a hankali, "Duk mun san wannan karatun. Shi ya sa muka yi shiru."

Bayan mako uku mutanen Ƙofar Ruwa suka aiko. Ba su ce sun fasa ba, mutanen kirki ne, ba sa irin wannan. Suka ce a ɗan ɗaga rana, akwai wani kawu da ba shi da lafiya. Babbar salla ta zo ta wuce. An ce saurayin ya yi ta kai gwauro yana kai mari, har uwarsa ta ce in ya sake tayar da maganar za ta ɗaga masa nono. Kawun ya warke, ba a sake sa rana ba. Yarinyar nakan hange ta da safe cikin fararen kayanta za ta asibiti, takan gaishe ni kamar da. Na fi so ta tofa mini yawu.

Sau uku ina zuwa gidansu ban haƙuri, sau uku ana ce mini Baba yana hutawa. A masallaci yana gama kiran salla sai ya koma ƙarshen sahu, ana sallamewa ya fice. Ni da na saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi, na koma hango ƙeyarsa. Daga baya na ji babban ɗansa ya kama gida can bayan Ƙofar Dawanau, cikin sababbin unguwannin da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, balle na kakansa. Zai kwashe su duka.

Ranar da za su tashi, da safe, ina tsakar gida ina shan koko na ji sallama a zaure. Na amsa, ban tashi ba, ina jiran mai ita ya aiko. Aka sake yi. A ta uku Goggo ta leƙo daga ɗakinta, fuskarta ta sauya, ta ce, "Ba ka ji muryar ba ne?"

Baba Ladan ne tsaye a bakin zaure daga waje, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe. Ƙofar da ya fi shekara saba'in yana wucewa da gyaran murya. Na ce, "Baba, shigo mana." Ya ce a'a, nan ma ya isa, mota tana jira. Na durƙusa na fara jero abin da na yi wata da watanni ina shiryawa, ya ɗaga hannu.

"Na yafe tun ranar. Ajiyata na zo karɓa."

Na shiga na ɗauko. Na riga na fitar da ita daga gilashin na naɗe cikin saƙinta, amma igiyar fatar ta rabu gida biyu, inda reza ta bi. Na miƙa masa haka, ƙunshin a hannu ɗaya, guntayen a ɗaya. Ya daɗe yana kallon wurin yankan. Ya gwada haɗa su, ko ɗaya bai kai ya zagaye ba. Sai ya zuba guntayen a aljihu, ya rungume ƙunshin a ƙirji a buɗe.

"Ka gai da Goggonka," ya ce. Ya sa takalmansa a hankali, yana dafe da bango, bai bar ni na taimaka masa ba. Da ya miƙe ya dube ni, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan.

"Na gode, Malam."